Sony a6400 a gaɓar tekun Ghana: abin da take iyawa a Elmina, Cape Coast da Kakum, da inda take gazawa

Sony a6400 ta fito a farkon 2019, amma har yau tana cikin kyamarorin da ake yawan yi wa matafiyi tayinsu, sabuwa ko ta hannu. Dalilin a bayyane yake. Nauyinta giram 403 ne da batir da katin memori a ciki, tana ɗaukar hoto mai megafiksel 24, kuma wajen kama fuskar mutum yana cikin motsi ta yi wa sa'o'inta fintinkau a lokacin da ta fito. A ganina ta cancanci kuɗinta ga mai yawon buɗe ido, da sharaɗi biyu: ka haɗa ta da gilashin ɗauka (lens) na 18-135, kuma ka san tun daga gida cewa duhu, gishirin teku da ƙaramin batirinta su ne za su ba ka wahala.

Babu inda ya fi dacewa a auna wannan magana kamar Yankin Tsakiya na Ghana. Cape Coast na da nisan kusan kilomita 150 yamma da Akra, Elmina na gaba da ita da kimanin kilomita 12, gandun dajin Kakum kuma kimanin kilomita 30 arewa. A ɗan wannan tsakani akwai farar katanga mai kashe ido da tsakar rana, akwai kurkukun ƙarƙashin ƙasa da ba ka ganin tafin hannunka, akwai tashar masunta da komai ke motsi, ga kuma gadar igiya da ke lilo a saman bishiyoyi. Kowanne da irin abin da yake nema daga kyamara.

Gilashin da za a saya tare da ita

Ana sayar da ita iri uku. Lokacin fitowarta, jikin kaɗai dala 900 ne, da gilashin 16-50 dala 1000, da 18-135 kuma dala 1300. Da yawa suna zaɓar na tsakiyan don sauƙin kuɗi da ƙanƙanta, domin 16-50 giram 116 ne kawai kuma yana naɗewa har kyamarar ta shiga aljihun babbar riga. Amma gefen hotonsa ba ya fita garau, musamman a 16, kuma jawowarsa da ƙaramin injin lantarki ake yi, wanda ke ɓata ɗan lokaci duk sanda ka kunna kyamarar kafin ya miƙe. A hoton gini, inda ido ke bin layin katanga har zuwa kusurwa, wannan rauni ba ya ɓoyuwa.

Shi kuwa 18-135 giram 325 ne, da hannu ake juya shi, yana da na'urar rage rawar hannu da Sony ke kira OSS, bakinsa kuma milimita 55 ne ga mai sayen filta. Da yake sensar a6400, wato farantin da ke karɓar hoto, ƙarama ce, irin APS-C, ana ninka lambar gilashi da ɗaya da rabi, wato 18-135 yana aiki kamar 27 zuwa 202 a babbar kyamara. Jimillar nauyin bai kai giram 730 ba. Babban amfaninsa a bakin teku shi ne ba sai ka cire shi ba. Wannan kyamara ba ta da madubi a ciki, kuma ba ta rufe sensa idan an kashe ta, saboda haka duk canjin gilashi buɗe ƙofa ne ga yashi da danshin gishiri.

Farar katanga da baƙar fata

Turawan Fotugal ne suka gina kagarar Elmina a 1482, Holan suka ƙwace ta a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Ta Cape Coast ta samo asali ne daga ginin mutanen Suwidin na 1653, kafin ta koma hannun Ingila a shekarun 1660. Duka biyun suna cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1979, kuma duka biyun da farar ƙasa aka shafe su. Wannan farin shi ne tarkon farko. Ma'aunin hasken kyamara yana ɗaukar kowane wuri a matsayin matsakaici, don haka idan ya ga farar katanga sai ya rage haske har ta koma ruwan toka, mutumin da ke tsaye a gabanta kuwa fuskarsa ta ɓace gaba ɗaya.

Maganin yana da sauƙi a wannan kyamara. Ka sa ta a A, wato tsarin da kai ke zaɓen ƙofar haske, ka sa ƙofar a f/8, ISO (ƙarfin jin hasken sensa) a 100, sannan ka ƙara haske da +0.7 zuwa +1. Ka kunna Zebra a 100+, wanda zai nuna maka zane-zane a duk inda farin ya ƙone, ka dinga ƙarawa har zanen ya fara leƙowa, sai ka koma baya da taki ɗaya. Idan akwai mutum a hoton, ka kunna Face Priority in Multi Metering domin ta auna haske daga fuskar. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da ake gyarawa a kwamfuta. Sensar tana da kyau wajen ɗago inuwa a ISO 100, ana iya ƙara mata taki biyu zuwa uku (kowane taki yana ninka haske sau biyu) a kwamfuta ba tare da ta cika da tsaki-tsaki ba, amma farin da ya ƙone ba ya dawowa. Wanda ba ya son zaman gyara a kwamfuta ya sa DRO, mai haskaka inuwa, a mataki na 3 ko 4, zai samu JPEG mai dama-dama.

Kada ka dogara da ɗan filashin da ke jikinta don haskaka fuska da rana. Ƙarfinsa kaɗan ne, ba ya aiki da saurin da ya wuce 1/160, kuma murfin inuwar 18-135 yana tare shi har ya bar baƙin tabo a ƙasan hoto. Ya fi sauƙi ka ja mutumin zuwa bakin wata ƙofa ko ƙarƙashin baka, inda farar katangar da ke fuskantarsa za ta mayar masa da haske mai laushi kyauta.

Game da lokaci, yankin yana kusa da tsakiyar duniya, rana na fitowa wajen ƙarfe shida kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, kuma jan hasken yamma ba ya daɗewa. Hoton Elmina da ya fi kowanne daga tudun St. Jago ake ɗaukarsa, tudun da Holan suka girke igwa a kai suka yi wa kagarar ruwan wuta a 1637, daga baya suka gina tasu ƙaramar kagarar a wurin. Daga can kagarar tana kudu maso gabas da kai, tafkin Benya da ɗaruruwan kwale-kwale a tsakaninku. Da safe rana tana fuskantarka, ginin ya zama inuwa. Daga ƙarfe huɗu na yamma tana bayanka, farin ya yi ɗumi, launukan tutocin jiragen su fito. Tsakanin 35 da 70 a gilashin ya isa ya haɗa ginin da tafkin, 135 kuma ya ware maka jirgi guda.

Cikin kurkuku

Nan ne a6400 ta fi nuna shekarunta. Ba ta da na'urar rage rawar hannu a cikin jikinta, abin da ke cikin gilashi kawai take dogara da shi. Ɗakunan da aka tsare bayi maza a Cape Coast, waɗanda aka gina coci a samansu, ba su da haske sai na 'yan ƙananan tagogi can sama da ƙwan lantarki mai rauni. Ɗakin hukunci na Elmina mai alamar ƙoƙon kai a saman ƙofa ya fi haka duhu. Ga shi kuma tare da jagora da ayarin baƙi ake zagayawa, babu lokacin kafa mariƙi mai ƙafa uku, kuma babu filin yin hakan.

Da 18-135, ka tsaya a 18 domin a nan ne kawai kake da f/3.5, da ka jawo kaɗan zai fara rufewa zuwa f/5.6. Ka sa saurin ɗauka a 1/10 ko 1/15, ka bar ISO ya hau har 6400. Ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka sa idonka a madubin leƙe maimakon kallon allo, domin goshinka ya zama matokara ta uku, sannan ka ɗauki uku ko huɗu a jere. Galibi na biyu ko na uku ne ke fita garau, saboda danna maɓallin ne ke girgiza na farko. Hoton ISO 3200 yana da kyau, na 6400 yana amfanuwa bayan an wanke shi a kwamfuta, abin da ya wuce 12800 kuwa launinsa yana lalacewa, duk da cewa lambobin da ke menu suna kaiwa 102400.

Masu shago kan ce a sayi Sigma 16mm f/1.4 don irin wannan wuri. Gilashi ne mai kyau ƙwarai, amma a yi lissafi tukuna. F/1.4 yana shigar da haske ninki shida da ɗoriya a kan f/3.5. Sai dai ba shi da OSS, don haka a wannan jiki ba za ka sauka ƙasa da 1/30 ba, alhali 18-135 yana kai ka 1/10, wato ninki uku. Ribar da ta rage ninki biyu ce kacal, ISO 3200 a maimakon 6400, kuma ka ɗauki ƙarin giram 405 a jaka. Inda yake da rana shi ne idan akwai mutane masu motsi a hoton, domin OSS rawar hannunka kawai yake gyarawa, ba ya tsayar da wanda ke tafiya. Kuma idan ka fito da shi tsakar gida da rana, f/1.4 ba zai yiwu ba, domin iyakar saurin kyamarar 1/4000 ne, hasken tsakar rana kuwa yana neman fiye da 1/12000 a wannan buɗi.

Abin da ya fi ba mutane ciwon kai shi ne Ƙofar Ba Dawowa, wadda ta cikinta aka fitar da bayi zuwa jiragen ruwa. Ta Elmina siririya ce, mutum ɗaya ke wucewa, ciki duhu, waje teku da rana. Babu sensar da za ta riƙe biyun a ɗauka ɗaya. Ko dai ka auna hasken waje ka bar katangar ta zama baƙa, wanda a ganina shi ya fi dacewa da wurin, ko ka sa Bracket, mai ɗaukar hotuna a haske daban-daban, a hoto uku, tazarar taki 2, ka haɗa su daga baya. Idan za ka yi na biyun, ka jingina kafaɗa da bango domin hotunan su hau kan juna.

Akwai saiti uku da ya kamata a yi kafin a sauka ƙasa, kuma ladabi ne ya kawo su fiye da fasaha. Zuriyar waɗanda aka sayar suna zuwa daga Amurka da tsibiran Karibiyan, suna ajiye furanni, wasu suna kuka. Ka kashe filashi, ka kashe AF Illuminator, wato ɗan hasken ruwan goro da ke haskawa idan tana neman saiti (focus), ka kuma kashe Audio Signals. Silent Shooting yana kashe ƙarar ɗaukar gaba ɗaya, amma yana da farashi: RAW ɗin yana raguwa daga bit 14 zuwa 12, kuma a ƙarƙashin wasu fitilu yana jawo ratsi-ratsi a hoto. Ka gwada ɗaya ka duba kafin ka ci gaba. Idan babu hasken taimako kuma ta kasa kama saiti, ka ɗora akwatin saitin a gefen taga ko wani wuri da haske ya haɗu da duhu. Hukumar gidajen tarihi ta Ghana ce ke kula da wuraren, kuma ka faɗi a wurin sayen tikiti cewa kana da kyamara, musamman idan bidiyo za ka ɗauka don aiki, domin hukuncinsa daban ne da na hoton ɗan yawo.

Tashar masunta

A nan take rama abin da ta rasa. Tana da wuraren kama saiti 425 da suka mamaye kusan dukkan faɗin hoton, kuma tsarin bin abu da Sony ta fara sakawa a wannan kyamara yana aiki da gaske. Ka sa Focus Mode a AF-C, Focus Area a Tracking: Flexible Spot M, ka kunna fifikon fuska da ido. Ka ɗora ɗan akwatin a kan mai jan koma ko matar da ta ɗauko kwanon kifi, ka danna maɓalli rabi, ka riƙe. Za ta bi shi, idan ya juyo ta koma kan idonsa, idan ya juya baya ta koma kan jikinsa, ko da wani ya gifta ta gabansa. A cunkoson gadar da ke kan tafkin Benya, inda jirage ke shigowa da safe, wannan ne bambancin hoto goma masu kyau da hoto biyu.

Ka sa ISO a AUTO, ka shiga ISO AUTO Min. SS, wato mafi ƙarancin saurin ɗauka, ka zaɓi 1/500. Jirgin da ke karya igiyar ruwa yana son 1/1000. Tana iya ɗaukar hoto 11 a daƙiƙa, amma tsarin Hi mai hoto 8 ya fi amfani domin abin da kake gani a madubin yana tafiya daidai da abin da ke faruwa. Rumbunta yana cika bayan kimanin RAW 46, kuma da yake ramin katin na tsohon tsari ne, UHS-I, tana daɗewa kafin ta gama zubawa, wasu saituka kuma ba sa taɓuwa a lokacin. Ka dinga ɗauka guntu-guntu. Sayen kati mai tsada na UHS-II ba zai ƙara mata sauri ba.

Ranar Talata masunta ba sa fita teku a wannan yanki, al'ada ce daɗaɗɗiya. Mai son hayaniyar sauke kifi ya zaɓi wata rana, mai son jirage a jere da masu ɗinkin koma ya zo Talata. Bikin Bakatue na Elmina a Talatar farko ta Yuli ake yinsa, Fetu Afahye na Cape Coast kuma a Asabar ɗin farko ta Satumba. Masunta da masu sayar da kifi da yawa ba sa son a ɗauke su ba tare da izini ba, kuma suna faɗa da babbar murya. Ka gaisa, ka tambaya, idan an ƙi ka wuce. Ƙanƙantar a6400 tana taimakawa, ba ta firgita mutane kamar babbar kyamara mai dogon gilashi. Fante ne harshen gari, amma a unguwannin zango Hausa za ta yi maka aiki, kuma samun ɗan gari ya raka ka ya fi kowane gilashi amfani a kasuwar kifi.

Filta ɗaya ce ta zama dole, wato CPL mai milimita 55, wadda ke kashe ƙyallin ruwa ta kuma ƙara wa fentin jirage kauri. Ta fi aiki idan rana tana gefenka, kuma tana cin kimanin taki ɗaya da rabi na haske, don haka ka cire ta kafin ka shiga duhu. Mai son igiyar ruwa ta koma kamar hayaƙi a kan duwatsun da ke ƙasan kagarar Cape Coast sai ya nemi filtar rage haske ta ND1000, wadda ke mayar da 1/250 zuwa daƙiƙa 4, da mariƙi mai ƙafa uku, ya kuma kashe OSS ya sa jinkirin daƙiƙa 2.

Gishiri, gumi da ƙura

Sony ta ce jikin yana jure ƙura da danshi. Kada ka ɗauki wannan a matsayin lasisin shiga ruwan sama, kuma 18-135 ba shi da wannan kariya. Iskar teku tana ɗauke da feshin gishiri ko da ba ka ga ruwa ya taɓa ka ba. Bayan awa ɗaya a kan katangar igwa, gaban gilashi yana yin dusu-dusu, hoton ya rasa kaifi, ka zaci laifin saiti ne. Kada ka goge da gefen riga, domin ƙwayar gishiri da yashi suna karce gilashi. Ka fara hurawa da robar hura iska, sannan ɗigon ruwan goge gilashi a kan ƙyalle mai laushi. Kowace yamma ka goge jikin da tsumma mai ɗan danshin ruwan sha, har da wurin ɗora filashi da ƙusoshi, inda tsatsa ke fara kamawa. Ka miƙe gilashin zuwa 135 ka goge bututun da ya fito kafin ka mayar da shi, in ba haka ba kai da kanka kake tura gishirin ciki.

Gumin gilashi ya fi kama waɗanda suka kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Idan ɗakin yana digiri 20, waje kuma 28 da danshi kashi 85 cikin ɗari, duk abin da sanyinsa ya gaza digiri 25 zai tara raɓa da zarar ya fita, waje da ciki. Na waje ana gogewa, na ciki sai jira, kuma wannan jiran yakan cinye hasken safiyar da aka tashi dominsa. Ka sa kyamarar a leda mai zif tun cikin ɗaki, ka fitar da ita baranda minti 30 kafin tafiya, ta ɗumama a rufe. Kada ka cire gilashi don ta yi saurin bushewa, raɓar za ta sauka a kan sensa ta bar tabo. Ka zuba 'yan ƙunshin silika a jaka, kuma kada ka bar kayan a rufe da danshi na makonni, domin fumfuna na tsirowa a cikin gilashi kuma cire ta aiki ne na mai gyara.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana kaiwa har bakin teku, sararin sama ya yi fari, nesa ta dushe. Ƙurarsa tana bayyana a hoto a matsayin ɗige-ɗige a sama idan ka rufe zuwa f/11 ko f/16. Ka gwada da hoton sama a f/16, in ka gani ka yi Cleaning Mode, ka kifa kyamarar ka hura mata iska. Ba ka ma da dalilin wuce f/11 a wannan sensa, daga nan kaifin hoto raguwa yake yi.

Kakum

An buɗe gadar saman bishiyoyi a 1995. Gadoji bakwai ne a jere, tsawonsu kimanin mita 350, wasu wuraren sun kai mita 30 ko fiye daga ƙasa. Faɗin katakon na mutum ɗaya ne, kuma duk takun wanda ke bayanka yana zuwa hannunka. Ka rataya igiyar kyamara a wuya, ka rufe jaka, kada ka canza gilashi ko batir a kan gada, ka sa 1/500 ko sama. Dandamalin da ke jikin bishiyoyi tsakanin gadoji ya fi natsuwa, daga nan ake samun hoton gadar da mutum a tsakiyarta. Ka je da sassafe kafin motocin 'yan makaranta su iso, lokacin ma hazo na kwance a kan daji.

A ƙasa, hanyar hawa zuwa gadar duhu ce, ISO 1600 zuwa 3200 ko da hantsi, kuma koren ganye yana rikita launin fata idan an bar White Balance a AUTO. Ka sa Daylight ka gyara a RAW. Akwai giwayen daji da birai a gandun, amma ba a saba ganinsu da rana a kusa da gadar ba. Tsuntsaye da malam-buɗe-littafi ne abin samu, kuma 135 ya yi gajere ga tsuntsu. Wanda tsuntsaye suka kawo shi ya nemi Sony 70-350, giram 625, mai kaiwa kwatankwacin 525.

Batir, kati da riƙo

Batirin NP-FW50 ƙarami ne. A ma'aunin kamfani yana ba da hoto 410 da allo, 360 da madubin leƙe. Yinin da ya haɗa kagara da tashar masunta yana cin biyu, da bidiyo uku. Ka sayi caja ta waje mai ɗaukar biyu, domin cajin cikin kyamara ta tsohuwar kafar Micro USB yana da jinkiri kuma yana ɗaure kyamarar. Ka kunna Airplane Mode, ka sa ta yi barci bayan minti ɗaya. Tana karɓar wuta daga fawa banki tana aiki, wanda ke ceto a mota tsakanin gari da gari. Batura a jakar hannu ake shiga jirgin sama da su. Soket ɗin Ghana mai baki uku ne irin na Najeriya, wanda ya taso daga Nijar kuwa ya riƙo adafta.

RAW ɗaya kimanin megabait 24 ne, kati mai gigabait 64 yana ɗaukar wajen 2500. Ramin kati ɗaya ne tak, babu kwafin ajiya, don haka kati biyu na 64 sun fi ɗaya na 128, kuma ka kwashe kowane dare. Ramin yana cikin ɗakin batir a ƙasa, kuma faffaɗan farantin mariƙi yana iya toshe murfin.

Riƙonta bai dace da babban hannu ba, ƙaramin yatsa yana rataye a iska. Dukkan maɓallan juyawa biyu babban yatsa ne ke sarrafa su, babu na gaba. Allon yana amsa taɓawa don zaɓen wurin saiti, amma ba ya aiki a menu, menun kuma dogo ne mai ɗaure kai. Ka zauna a gida ka tara abin da kake buƙata a My Menu, ka adana saitin duhu da na motsi a MR, wato ma'ajiyar saituka, yadda sauka kurkuku daga tsakar gida ba zai sa ka tsaya lalube ba. Da rana ka sa hasken allo a Sunny Weather ko ka koma madubin leƙe.

Bidiyonta na 4K yana da kaifi, amma idan ka juya ta da sauri gine-gine suna karkacewa, kuma tafiya da ita a hannu tana ba da hoto mai girgiza. Ka sa ta a PAL, 25p (hoto 25 a daƙiƙa), wanda ya dace da lantarkin Ghana da Najeriya kuma yake amfani da dukkan faɗin sensa, saɓanin 30p da ke yanke gefe. A inganci na 100M tana cin kimanin megabait 750 a minti kuma tana buƙatar kati mai alamar U3. Ka sa Auto Power OFF Temp a High don kada zafi ya kashe ta. Akwai kafar makirufo, babu ta abin sauraro, kuma a bakin teku dole makirufon ya sa rigar gashi saboda iska.

Wanda bidiyo ko cikin gini ne rabin aikinsa ya duba a6600, mai na'urar rage rawa a jiki da babban batir na hoto kusan 800, ko a6700 ta 2023 idan aljihu ya yarda. Duka suna karɓar gilashi iri ɗaya da a6400. Wanda hotonsa na rana ne, mutane da gine-gine da kasuwa, bambancin kuɗin ya fi amfani a kan gilashi da batura.

Mai sayen ta hannu ya ɗauki hoto ɗaya ya duba adadin ɗaukar da ta yi a shafukan intanet da ke karanta wannan daga fayil, ya gwada sensa da farin bango a f/16, ya haska tocila ta cikin gilashin don neman zaren fumfuna, ya girgiza wayar caji a kafarta ya ga ko tana yankewa, ya juya allon sama har ƙarshe ko zai ɗauke. Ya kuma buɗe menu ya tabbatar akwai zaɓin harshe, domin waɗanda aka yi don kasuwar Japan da Japananci kaɗai suke zuwa, kuma suna shigowa cikin kayan gwanjo.